Yadda ake gina wa ɗan kasuwa shafin intanet, da yadda ake kula da shi bayan an miƙa masa

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Wani dillalin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari da ke Kano, kwastomominsa sun watsu daga Abuja har Maraɗi, kuma duk cinikinsa na nesa a WhatsApp yake yin sa. Ya kira ka ya ce, "Ɗana, so nake ka sa mini shagona a intanet." Ga yadda nake bin irin wannan aiki. Mai makaranta ko mai gidan abinci ne ya kira ka, matakan ba za su sauya sosai ba.

Fara da zuwa shagon

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Je ka zauna a shagon ko da awa biyu ne, ka ga yadda ake ciniki. Wa ke amsa waya? Wa ke ɗaukar hoton sabon kaya in an sauke dila? Turmi-turmi ake sayarwa ko sari kawai? In mutum yana Kaduna ya saya, ta tasha ake aika masa ko ta kamfanin kai kaya?

Akwai tambayar da nake ajiyewa sai an ɗan saba: "Alhaji, ka yarda a rubuta farashi kowa ya gani?" Da yawa ba su yarda ba, kuma suna da hujja. Maƙwabcin shago zai gani ya rage nasa, kuɗin kaya na tashi da sauka tare da dala, sannan farashin ɗan sari daban yake da na mai sayen turmi ɗaya. Amsar wannan tambaya ita ce za ta raba maka hanya. In ya ce a'a, abin da za ka gina shafin baje koli ne: hotuna, bayanin kaya, da maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp a yi ciniki yadda aka saba. In ya ce e, to cikakken shago ne mai kwando da biyan kuɗi.

Wani lokaci kuma kana cikin hira za ka gane abin da ke damunsa daban ne: yana da shaguna uku da sito, yana son sanin kayan da suka rage da waɗanda ake bi bashi. Wannan manhaja ce da za a rubuta ta musamman, da kayan rubuta manhaja irin su Laravel ko Django, kuma lokacinta da kuɗinta sun ninka na shafi. Ka raba masa su tun a zaman farko, kada ya ɗauka duk a kuɗi ɗaya suke.

Rubuta yarjejeniya, karɓi kafin alƙalami

Takarda ɗaya ta isa, da Hausa in ita ya fi karantawa. A ciki a rubuta yawan shafuka, yawan kayan da kai za ka ɗora da hannunka, wanda zai kawo hotuna, sau nawa za a yi gyara kyauta (ni sau biyu nake yi), da ranar gamawa, wadda za a fara ƙirga ta daga ranar da hotuna suka iso hannunka. Rabin kuɗi kafin a fara, sauran ranar miƙawa.

Sai layin da mutane ke jin nauyin rubutawa: kuɗin da za a riƙa biya duk shekara. Alhaji ya saba da kuɗin hayar shago, don haka da wannan yaren nake masa bayani. Sunan shafi haya ne, masaukinsa (kwamfutar da zai zauna a kai) haya ne, in ba a biya ba za a rufe. Ka faɗa masa a gaban ɗansa ko babban yaron shagonsa, su ma su sa hannu. Bayan shekara, in ka zo neman kuɗin sabuntawa, akwai wanda zai tuna an yi maganar.

Sunan shafi

Sunan shafi, wanda 'yan sana'a ke kira domen, shi ne adireshin da mutane za su rubuta. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da duk sunan da ya ƙare da .ng, kuma ana sayensa ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Jerinsu na nan a shafinta. Na Nijar .ne ne. Ga wanda kasuwarsa ke cikin gida, .com.ng ya wadatar, kuma da naira ake biya. Shi .com asalin farashinsa da dala ne, kuma duk wanda ke wannan aiki ya ga yadda kuɗin sabunta shi ya yi tsalle bayan an saki naira a watan Yunin 2023. In da hali a sayi duka biyun, a juya ɗaya zuwa ɗayan.

Sunan ya zama gajere, babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, babu ɗan layi a tsakiya. Gwajin da nake yi shi ne in kira wani a waya in faɗa masa sunan sau ɗaya. In ya rubuta daidai, ya yi. In shagon na da rajista da hukumar CAC, ka yi ƙoƙari sunayen biyu su yi kama.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk wannan rubutu. Ka yi rajistar sunan da sunan mai shagon, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. In ba shi da imel, buɗe masa Gmail a wayarsa a gabansa, ka rubuta masa kalmar sirri a takarda. Na taɓa karɓar aikin wata hajiya mai sayar da turaren wuta wadda wanda ya gina mata shafi ya sa komai da sunansa, daga baya ya sauya layi aka daina samunsa. Sunan ya faɗi, wani ya saye, alhali an riga an buga shi a jikin kwalabe da ledoji da katin shago. Sai sabon suna muka nema, ta sake buga komai. Wasu maginan da gangan suke yin haka don su riƙe kwastoma a wuya. Ni dai ban ga wanda ya yi albarka da shi ba, kuma labari ba ya daɗewa bai zagaye kasuwa ba.

Masauki

Masauki, wato hostin, shi ne kwamfutar da shafin zai zauna a kai dare da rana. Ga shago mai kaya ɗari biyu ko uku, masaukin haɗaka (wanda shafuka da yawa ke zaune a kai tare) mai cPanel, wato allon sarrafa masauki, ya isa a farko. Kafin ka biya, tambaye su abu huɗu: suna da PHP (yaren manhajar da shafin ke aiki da shi) na 8 zuwa sama? (Na 7.4 an daina yi masa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022.) Suna ba da SSL (takardar tsaron da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai saye) kyauta? Sau nawa suke ajiye kwafin shafi? In shafi ya faɗi ranar Asabar da dare, akwai mai amsawa? Ta ƙarshen ba sai ka tambaya ba ma, aika musu saƙo a irin wannan lokaci ka ga yaushe za su amsa. Shi ma wannan asusun da sunan mai shago za a buɗe.

Daga nan sai ka haɗa suna da masauki. Kamfanin masauki zai ba ka adireshin sabar-suna guda biyu, masu nuna wa domen inda shafin yake, ka shiga inda ka sayi domen ka saka su. Yakan kama cikin 'yan awanni, wani lokaci har kwana biyu, don haka kada ka yi wa Alhaji alƙawarin gani a daren. Ni nakan bi ta Cloudflare, kamfanin da ke shiga tsakanin shafi da masu ziyara don ƙara sauri da tsaro, wanda tsarinsa na kyauta ya isa ƙaramin shago, kuma yana da cibiya a Legas, abin da ke rage wa hotuna nisan tafiya. Kunna SSL na Let's Encrypt, masu ba da shi kyauta, ka tabbatar yana sabunta kansa, domin wa'adin takardarsa gajere ne. Tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, kuma ba wanda zai saka lambar katinsa a irin wannan wuri.

Ɗora WordPress

WordPress, manhajar gina shafi, tun 2003 yake, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Dalilina na zaɓarsa ga ɗan kasuwa mai sauƙi ne: in na yi tafiya ko na bar sana'ar, zai sami wani a garin da zai iya ci gaba. A cPanel akwai Softaculous da ke ɗora shi cikin minti kaɗan. Sunan mai gudanarwa kada ya zama admin, kalmar sirri ta zama doguwa, lokaci a sa na Legas, sannan a gyara tsarin adireshin shafuka ya riƙa nuna sunan kaya maimakon lambobi.

Rigar shafi, wato tsarin kamanninsa, ka zaɓi mara nauyi, irin su Astra ko GeneratePress ko Storefront. Za ka ga ana raba riguna da fulogin (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki) masu tsada kyauta a zaurukan Telegram. Kada ka taɓa su. Sau da yawa an dasa musu ƙofar baya, kuma ba sa karɓar sabuntawa, wata uku sai ka tarar shafin atamfa yana tallan caca.

Akwai abin da darussan waje ba za su koya maka ba. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. In babu su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ya zama akwati. Noto Sans na da su, Andika ma haka. Kafin ka tsayar da salo, rubuta "ƙyalle, ɗinki, ɓawo, ₦25,000" da ƙanana da manyan baƙaƙe, da siriri da mai kauri, ka duba a waya. Alamar naira ma takan ɓace a wasu salon.

Hotuna

A shagon tufafi hoto shi ne kayan, kuma nan ne aiki ya fi cin lokaci. Fitilun cikin kasuwa na sauya launi. Shadda ruwan toka sai ta fito kamar shuɗiya, mai saye ya karɓi kaya a Jos ya ce ba abin da ya gani ba ke nan. A fito da kayan inda hasken rana yake amma a inuwa, da safe, a shimfiɗa a kan farin yadi, a kashe filashin waya da duk wani abin ƙara kyau. Kowane kaya hoto uku: turmi a naɗe, a buɗe yadda zanen zai fito, da na kusa da ke nuna saƙa da tambarin kamfani. Ka koya wa yaron shago wannan tun yanzu, domin shi zai ci gaba da yi.

Kada a turo maka hotunan ta WhatsApp kai tsaye, yana matse su ya ɓata. A turo su a matsayin fayil. Kai kuma kada ka ɗora su yadda suka fito daga kyamara, kowane ɗaya na iya kai megabait huɗu ko biyar. Rage faɗinsu zuwa kamar fiksel 1200, ka mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, wanda WordPress ke karɓa tun fitowa ta 5.8 a 2021. Ni nakan so kowane hoto ya tsaya ƙasa da kilobait 200. Mai saye da datarsa yake kallo, in shafi ɗaya ya cinye masa megabait talatin ba zai dawo ba.

Sunan kaya a rubuta shi yadda masu saye ke kiransa a kasuwa, da tsawonsa (turmin atamfa yadi shida), da launukan da ake da su.

Kuɗi da kai kaya

In shafin baje koli ne, maɓallin WhatsApp kawai ake buƙata. Mahaɗinsa wa.me ne, sai lambar ta biyo baya da 234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba. Za ka iya sa saƙo ya rubuta kansa da sunan kayan, don kada yaron shago ya riƙa tambayar "wanne kike nufi, Hajiya?"

In cikakken shago ne, ɗora WooCommerce, fulogin da ke mayar da WordPress shago, sa kuɗi a naira. Atamfa mai zane ɗaya da launi biyar kaya ɗaya ce mai zaɓin launi, kada ka mayar da ita kaya biyar. Kunna ƙidayar kaya don abin da ya ƙare ya nuna ya ƙare.

Don karɓar kuɗi akwai Paystack, Flutterwave da Monnify. Na fi sabawa da Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, Stripe ta saye shi a 2020. Asusun da sunan mai shago, da takardunsa, da asusun bankinsa. Kuɗin ciniki kada ya taɓa ratsawa ta hannunka. Cajin da aka daɗe da sanin su da shi a cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin ₦100, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma duka cajin ba ya wuce ₦2,000. Wato kayan ₦60,000 za a cire ₦1,000. Buɗe shafin farashinsu a gaban Alhaji ku lissafa tare, ya san kuɗin ba nan take yake faɗawa asusunsa ba, sai ranar aiki ta gaba. In ba ka faɗa ba, ranar farko zai kira ka ya ce bai ga alat ba.

Fara da makullan gwaji, wato lambobin sirrin da Paystack ke bayarwa don haɗa shafi da asusu ba tare da kuɗin gaske ba, ka yi saye na ƙarya har ƙarshe. Saka adireshin sanarwa da fulogin ya ba ka a cikin asusun Paystack, shi ne ke gaya wa shafi an biya ko da wayar mai saye ta yanke a tsakiya. Sannan ka sauya zuwa makullan gaske, ka sayi wani abu mai arha da katinka. Ka bar zaɓin tiransifa ta Paystack a buɗe, domin da shi mutanenmu suka fi sakin jiki. Amfanin bi ta wannan hanya shi ne shafin da kansa ke tabbatar da shigar kuɗi, an huta da hoton alat na bogi.

Kai kaya kuma a raba shi shiyya-shiyya: cikin Kano, jihohin kusa, sauran ƙasa, da zuwa a karɓa a shago. In ta tasha ake aikawa kuma mai kaya ne ke biyan direba, a rubuta haka ƙarara. Masu saye daga Nijar a bar su a WhatsApp, don maganar canjin sefa da hanyar aikawa ta fi ƙarfin fom.

Ƙananan abubuwa kafin buɗewa

Saƙon da shafi ke aikawa in an yi oda yakan faɗa cikin tarkacen imel. Ɗora fulogin WP Mail SMTP, ka saita SPF da DKIM (alamomin da ke tabbatar da imel daga domen ɗin ya fito) a domen, ka gwada da Gmail da Yahoo. Tunda kana karɓar suna da lamba da adireshin mutane, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, kuma hukumar NDPC ce ke sa ido a kanta. Yi shafi da ke bayyana abin da ake karɓa da abin da ake yi da shi, kuma kada fom ya tambayi abin da ba a buƙata. Yi wa shagon rajista a Google Business Profile don ya fito a taswira, ka miƙa wa Google jerin adireshin shafukan ta Search Console.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfutarka za ka yi ba. Ari ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno, kashe wayifai, ka shiga cikin kasuwa inda sabis ke wahala. Google na ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin ma'aunin fitowar babban abin da ke shafi, PageSpeed Insights zai nuna maka inda kake. Sai ka miƙa wa wani dattijo wayar ka ce ya sayi turmi ɗaya, kai kuma ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, akwai gyara a wurin.

Miƙawa

Buga takarda mai ɗauke da inda aka sayi domen, inda masauki yake, sunayen shiga da kalmomin sirri, da ranakun ƙarewar kowanne. Ta Alhaji ce, ya ajiye inda yake ajiye takardun shago. Yaron da zai riƙa ɗora kaya a buɗe masa asusunsa daban a matsayin manajan shago, wanda ba zai iya taɓa fulogin ba. Ranar da ya bar aiki a rufe asusun. Ina yi musu gajerun bidiyo da Hausa a waya: yadda ake ɗora kaya, yadda ake sauya farashi, yadda ake duba oda. Sun rage mini kiran dare ƙwarai.

Kulawa

Shafin da aka bari ba kulawa ba ya shekara lafiya. Don haka tun a yarjejeniya nake ware kuɗin kulawa na wata ko na shekara, in kuma mai shago ya ce ba ya so, a rubuta cewa duk gyaran da ya taso za a yi cinikinsa daban.

Na farko a kulawa shi ne kwafin ajiya. Saita fulogin UpdraftPlus ya riƙa kai kwafin rumbun bayanai (inda kaya da oda ke rubuce) kullum, na fayiloli mako-mako, zuwa Google Drive na mai shago. Kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin, in masaukin ya tafi tare za su tafi. Kuma ko da sau ɗaya ne a wata uku, ɗauki kwafin ka tayar da shi a wani wuri ka ga ko yana aiki. Na taɓa zuwa dawo da shafi na tarar watanni ke nan ajiyar ta tsaya saboda wuri ya cika, ban duba ba. Laifina ne, kuma kwana uku na yi ina sake ɗora kaya da hannu.

Sabuntawa kuma sau biyu a wata nake zama in yi. Kwafi tukuna, sannan fulogin ɗaya bayan ɗaya, ina duba kwando da biyan kuɗi bayan kowanne. In WooCommerce ne ya yi babban sauyi, a shafin gwaji nake fara sa shi. Fulogin da ba a amfani da shi a goge shi gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta isa ba. Sa fulogin tsaro na Wordfence ko makamancinsa, ka kunna tabbaci mai mataki biyu ga duk mai gudanarwa. UptimeRobot zai aiko maka saƙo in shafi ya faɗi, ka riga Alhaji sani.

Ka san kalandar kasuwar kwastomanka. Ga mai atamfa, daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin ƙaramar Sallah, da makonnin kafin babbar Sallah, ba lokacin sauya riga ko ƙaura zuwa sabon masauki ba ne. Duk babban aiki a gama shi kafin watan Sha'aban ya ƙare. A cikin azumi gyaran tsaro kawai.

In aka yi kutse, kada ka ɓoye. Rufe shafin na ɗan lokaci, sauya duk kalmomin sirri har na cPanel da rumbun bayanai, sauya makullan Paystack, dawo da kwafin da ya riga kutsen, ka gano ƙofar da aka shigo ka toshe, in ba haka ba gobe za su dawo. Ka gaya wa mai shago a ranar, domin in bayanan masu saye sun fita, doka ta ɗora masa nauyin sanar da hukuma.

Sai ranakun sabuntawa. Sa tunatarwa a wayarka kwana 60 da kwana 30 kafin domen ko masauki ya ƙare, domin imel ɗin gargaɗin akwatin Alhaji yake zuwa, shi kuma ba buɗewa yake yi ba. In sunan ya faɗi akwai ɗan wa'adin da za a iya fanso shi, amma da tara, bayan nan kowa na iya saye. Ni in saura wata biyu nakan je shagon da kaina da takardar lissafi: ga na domen, ga na masauki, ga na kulawa, ga kuma yawan odar da ta shigo ta shafin a shekarar. In ya amince, a wayarsa muke biya, rasit ya shiga imel ɗinsa, ni kuma in gyara ranakun da ke jikin takardar nan da na ba shi ranar miƙawa.